Awo, Iska da Wuta: Kek ɗin Ranar Haihuwar Ƙaramin Yaro

Daga cikin abincin alkama da suka samu wurin zama a madafar Hausawa, kek shi ne baƙon da ya zo daga baya, kuma shi ne wanda ba ya karɓar gyara idan ya hau wuta. Mai tuƙa tuwo idan ta ga ya yi ruwa sai ta ƙara gari, mai miya tana ɗanɗanawa tana daidaita gishiri har zuwa saukewa, mai suyar funkaso ma takan duba na farko da ya fito daga mai ta gyara sauran ƙullin. Amma da zarar an juye kwaɓin kek a gwangwani an rufe, daidai da kuskure duk sun riga sun zauna, sai dai a jira sakamako. Shi ya sa matan da suka gwanance a girki sukan sha mamaki idan kek ɗinsu na farko ya fito a cure ko ya lotsa a tsakiya, har su ɗora laifin a kan rashin oben ko rashin injin bugawa, alhali kuwa mafi yawan lokuta matsalar tana cikin awo ne da zafin kayan haɗi. Abin da ake nema a kek shi ne iskar da aka shigar cikin kwaɓi, aka hana ta fita har wuta ta daskarar da abin da ke kewaye da ita, kuma kowane mataki na aikin hidima yake yi wa wannan iskar.

Al'adar haɗa kek da zagayowar ranar haihuwar yaro ba ta da tsufan da ake zato. Masana tarihin abinci sukan danganta ta da Jamus ta ƙarni na 18, inda ake yi wa yara biki na musamman ana kunna kyandir a kan kek gwargwadon shekarunsu, sai dai a wancan zamani abin na masu hali ne, domin farar fulawa da tataccen sukari kaya ne masu tsada. Ba ta zama ruwan dare a Turai da Amurka ba sai a ƙarni na 19, lokacin da masana'antu suka saukar da farashin waɗannan kaya. A ƙasar Hausa kuwa shagulgulan da aka gada game da yaro matakan rayuwa suke bi, wato suna da yaye da kaciya da walimar saukar Alƙur'ani, ba lissafin kwanan wata ba, kuma har yanzu malamai sun saɓa a kan bikin ranar haihuwa: wasu na ganinsa kwaikwayo ne da ya kamata a bari, wasu na ɗaukarsa al'ada ce da ba ta shafi ibada ba. Wannan muhawara tana da nata fagen, kuma kwaɓin da ake yi don ranar haihuwa shi ne dai ake yi don walima ko ranar Sallah.

Tushen yawancin kek ɗin da ake gasawa a gida wani tsohon tsari ne na Ingilawa, wanda ake samu a littattafan girkinsu tun ƙarni na 18, ciki har da na Hannah Glasse da aka buga a 1747, inda ake ɗaukar laba guda ta bota, laba guda ta sukari, laba guda ta fulawa, da ƙwai mai kusan wannan nauyin. Laba ta kai kimanin giram 454, amma abin lura shi ne daidaiton nauyin kayan nan huɗu, ba yawansu ba. Ga taron yara na cikin gida, giram 200 na kowanne ya wadatar, wato ƙwai huɗu na kajin gidan gona, kuma wannan yakan cika gwangwani mai faɗin santimita 20 ya ba da yanka goma sha biyu. Inda ake yawan zamewa shi ne a ɗauka cewa daidaiton nauyi daidai yake da daidaiton kofi. Kofin awo mai ɗaukar mililita 240 yana cin fulawa kimanin giram 125, sukari giram 200, bota kuwa kusan giram 225, don haka wadda ta auna kofi ɗaya-ɗaya na kowanne ta zuba sukari da mai fiye da abin da fulawar za ta iya ɗauka, kek ɗin kuma zai tashi ya koma ya zauna, yana naso a ƙasan gwangwani. Idan babu sikeli, ana samun abin da ya yi kusa da daidai da kofi ɗaya da rabi da 'yar ɗoriya na fulawa, kofi ɗaya na sukari, da bota da ta ɗan gaza cika kofi. Kuma fulawar da cokali ake zuba ta a share bakin kofin da wuƙa, domin wadda aka danna ta fi wadda aka zuba sakwa-sakwa nauyi nesa ba kusa ba.

Ƙwai ma ba girmansa ɗaya ba. Na kajin gidan gona yakan kai giram 50 ba tare da ɓawo ba, amma na kazar Hausa da na zabi, wanda kan cika kasuwa da damina, sun fi ƙanƙanta, sai a buƙaci biyar ko shida a madadin huɗu. Hanya mafi aminci ita ce a fara fasa ƙwan a auna shi, sannan a auna sauran kaya uku bisa nauyinsa. A lokacin zafi ana fasa kowanne a ƙaramin kofi daban kafin a haɗa, saboda bara-gurbi ɗaya ya isa ya ɓata kayan gaba ɗaya. Ƙarnin ƙwai da mata ke gudu ana kashe shi da filebo na banila, ko ɗan gyaɗar ƙamshi, ko gogaggen ɓawon lemo, ba sai an rage ƙwan ba.

Matakin da ya fi kowanne yanke hukunci shi ne buga bota da sukari, kuma shi ne aka fi yi wa gaggawa. Ƙwayoyin sukari suna da gefe-gefe masu kaifi, idan ana buga su cikin bota sai su riƙa yanka ta suna barin ƙananan aljihuna na iska da ido ba ya gani, kuma waɗannan aljihuna su ne za su kumbura a wuta, domin hodar tashi ba ta ƙirƙirar sababbin kumfa, waɗanda ta tarar take hurawa. Da injin bugawa aikin yana ɗaukar minti huɗu zuwa biyar, da muciya ko cokalin katako kuwa yakan kai minti goma sha biyar, alamar isarsa kuma ita ce launin ya juya daga rawaya zuwa fari-fari, haɗin ya ƙaru ya yi sauƙi a hannu. Duk wannan yana yiwuwa ne idan botar ta yi laushi amma ba ta narke ba, wato wajen digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyas, inda yatsa zai nutse cikinta ya bar gurbi ba tare da ya fito yana ƙyalli ba. A nan ne umarnin da aka rubuta don ƙasashe masu sanyi yake yaudara, domin cewa a bar bota a ɗaki ta yi laushi magana ce ta ɗakin Landan. Botar madarar shanu tana narkewa tsakanin digiri 32 da 35, ɗaki kuwa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu yakan wuce haka, kuma narkakken mai ba ya riƙe iska komai tsawon bugu. Mai gashi a bazara ta fi samun nasara idan ta fara da sassafe, ta kuma ɗora kwanon bugu a cikin babbar roba mai ruwan sanyi. Da hunturu lamarin juyawa yake yi, botar ta yi tauri, sai a yayyanka ta a ajiye nesa kaɗan da murhu, ba a kan wuta ba.

Yawancin abin da ake kira bota a kasuwa majarin ne, wato daskararren man itatuwa, kuma irin wanda aka yi don gashi, kamar Simas, ya fi botar madara jure zafi, ko da yake bai kai ta daɗi ba. Mai laushin da ake shafa wa burodi ruwa ya yi yawa a cikinsa. Soyayyen man shanu da man gyaɗa kuwa ba sa kama iska ta wannan hanya, kek ɗin da za a yi da su sai an buga ƙwai da sukari ne har su yi kumfa mai kauri.

Bayan bugu ana sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, ana bari kowanne ya shige kafin na gaba. Dalili shi ne ƙwai mafi yawansa ruwa ne, ruwa da mai kuma ba sa haɗuwa sai da mai shiga tsakani, wanda a nan shi ne lesitin, wani sinadari da ke cikin gwaiduwa. Idan aka juye ƙwan gaba ɗaya, ruwan ya fi ƙarfin haɗin, sai ya tsinke ya yi gudaji-gudaji, iskar da aka sha wahalar tarawa ta ragu. Cokali guda na fulawar da aka auna yakan dawo da shi hanya.

Fulawa ita ce ginshiƙin kek, amma ita ce kuma ke taurara shi. Alkama tana da furotin iri biyu waɗanda idan suka jiƙa aka juya su suke sarƙewa su zama gulutin, wato danƙon da ke sa ƙullin gurasa da na burodi yin talala, abin da mai gurasa take nema ta hanyar murzawa shi ne mai kek take gudu. Fulawar da aka tanada don kek furotin ɗinta bai wuce kashi 7 zuwa 9 cikin ɗari ba, ta burodi kuwa takan kai 12 ko fiye, kuma wadda ta fi yawa a kasuwannin Najeriya da Nijar, wadda akasari daga alkamar waje ake niƙa ta, ta fi karkata ga buƙatar masu burodi. Ana sassauta ta idan aka ɗebe cokali biyu daga kowane kofi aka maye gurbinsu da sitacin masara. Sai a tankaɗe ta tare da hodar tashi, sau biyu in da hali, a zuba cikin haɗin kashi uku, ana juyawa a hankali daga ƙasa zuwa sama, a tsaya da zarar farin gari ya ɓace. Hannun da ya saba da tuƙi yakan so ya ci gaba, kuma kowane juyi na ƙari tauri yake ƙara wa kek.

Hodar tashi, wadda aka fi sani da bekin foda, haɗin bekin soda ce da busasshen sinadari mai tsami da ɗan sitaci da ke hana su jiƙa. Idan suka samu ruwa da zafi sai su saki iskar kabon-dayoksaid. Wani mai haɗa magunguna a birnin Birmingham na Ingila, Alfred Bird, shi ya fito da ita a 1843 saboda matarsa ba ta iya cin yis, kuma shi ne tun 1837 ya haɗa garin kastad maras ƙwai saboda ita ɗin dai. Wadda ta taɓa zuba ruwan kanwa cikin ƙullin wainar da ya yi tsami ta ga ya taso, wannan aikin ta gani da idonta, domin kanwa 'yar uwar soda ce, sai dai ƙarfinta ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, ba ta aunuwa yadda kek yake buƙata. Ga giram 200 na fulawa, ƙaramin cokali ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa, ƙari a kan haka yana sa kek ya tashi da sauri ya rufta, ya kuma bar ɗaci a harshe. Raɓar damina tana kashe hodar a cikin gwangwaninta, don haka ana gwada ta da rabin cokali a ruwan zafi, idan ba ta yi kumfa nan take ba ta mutu.

A cikin wuta abubuwa suna bin juna ne da tsari. Da farko mai ya narke, kumfar iska ta buɗe da taimakon hoda da tururi, kwaɓin ya taso. Daga baya, idan zafin ciki ya haura digiri 80, furotin ɗin ƙwai ya daskare, sitacin fulawa ya sha ruwa ya kumbura, ginin ya tsaya da kansa. A ƙarshe saman ya yi ja sakamakon haɗuwar sukari da furotin, lamarin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Digiri 170 zuwa 180 shi ne zafin da ke ba wa waɗannan matakai damar bin juna daidai. Idan wuta ta yi yawa, gefe da sama sukan daskare tun ciki yana ɗanye, sai tsakiyar ta fasa ta yi tozo; idan aka buɗe murfi kafin ginin ya tsaya, iska mai sanyi ta shiga, kumfar ta tsuke, tsakiyar ta lotsa. Kek mai zurfi a gwangwanin santimita 20 yakan ɗauki minti 40 zuwa 50, kuma ba a leƙa shi kafin rabin awa. Ya nuna idan tsinken da aka soka a tsakiya ya fito ba danƙo, gefensa kuma ya ɗan janye daga jikin gwangwani.

Gidan da babu oben bai rasa komai ba sai sauƙi. Babbar tukunya mai kauri ƙirar maƙera, wadda aka zuba wa wankakken busasshen yashi kaurin yatsa biyu, aka ɗora duwatsu uku ko wani ƙarfe a kai don gwangwanin kada ya taɓa ƙasa, oben ce cikakkiya, domin yashin yana tara zafi yana rarraba shi a hankali. Ana rufe ta a kan wuta minti goma zuwa sha biyar kafin a sa kek, kuma ana iya gwada zafin da ɗan garin fulawa a kan murfin gwangwani: idan ya yi ruwan zuma cikin 'yan mintuna zafin ya yi, idan ya yi baƙi nan da nan a rage wuta. Aibin tukunya shi ne zafinta daga ƙasa yake zuwa, ƙasan kek ya ƙone samansa yana fari, maganin hakan kuma shi ne a rage wutar ƙasa a ɗora 'yan garwashi a kan murfi a sulusin ƙarshe na gashin. Gawayi sai ya ruru ya yi toka-toka kafin a ɗora, kuma a tsakar gida ake wannan aiki, domin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon-monoksaid mai kisa wadda ba ta da wari. A tukunya, raba kwaɓin gida biyu a gasa marasa zurfi ya fi gasa guda mai kauri, daga baya a haɗe su da jam a tsakani.

Sauran hukuncin kuwa, shekarun yaron ne ya kamata su yanke shi, kuma a nan ne sha'awar manya ta fi shiga gaba. Dogon kek mai hawa biyu, wanda aka lulluɓe da fondan, wato ƙullin sukari da ake murzawa kamar fatar samosa a rufe kek da shi, don hoto ake yinsa da idon baƙi, ɗan shekara biyu ba ruwansa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙara wa abinci kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a rana, ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka kuma a 2016 ta ƙayyade wa yara giram 25 a rana, kimanin ƙananan cokula shida, ta ce waɗanda ba su kai shekara biyu ba a nisanta su da shi baki ɗaya. Lissafin a bayyane yake: giram 200 na sukari a yanka goma sha biyu ya ba kowane yanka kusan giram 17, idan aka shafe saman kek da aisin na bota da aka yi da giram 250 na garin sukari, yankan ya doshi giram 38. Ana iya rage rubu'in sukarin kwaɓi ba tare da kek ya lalace ba, ko da yake zai ɗan rage laushi da ja. Ga mai cika shekara ɗaya, ya fi dacewa a gasa masa ƙarami daban, wanda zaƙinsa daga nunanniyar ayaba ne ko jiƙaƙƙen dabino da aka kirɓa, manya su ci nasu.

Zuma ba ta maye gurbin sukari ga jaririn da bai cika wata goma sha biyu ba, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar botulizim mai shanye jiki, kuma zafin gashi ba ya kashe ta. Gyaɗa da yazawa da aya waɗanda ba a niƙa ba, da alawa mai tauri, da ƙananan duwatsun ado masu ƙyalli, suna iya shaƙe yaron da bai kai shekara biyar ba. Ƙwai da madara da alkama da gyaɗa suna cikin abincin da jikin wasu yara ke ƙi, don haka tambayar iyayen waɗanda aka gayyata wajibi ce, kuma ranar taro ba ranar fara gwada wa yaro sabon abinci ba ce. Lasar kwanon kwaɓi, wadda yara ke layi dominta, ita ma tana da haɗari, saboda ɗanyen ƙwai da ɗanyar fulawa duka suna iya ɗaukar ƙwayoyin da ke kawo gudawa da zazzaɓi.

Game da launi, wani bincike da aka yi a Jami'ar Southampton aka buga a 2007 ya nuna alaƙa tsakanin wasu kalolin abinci na masana'anta da ƙaruwar rashin natsuwa a yara, abin da ya sa Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a kan abincin da ke ɗauke da kaloli shida daga 2010. Garin kala da ake aunawa a leda ba suna ba lambar hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci ya fi waɗannan zama abin tsoro. Madafar gida tana da nata: garin koko na cakulan yana ba da ruwan ƙasa, markaɗaɗɗen mangwaro rawaya, ruwan zoɓo mai kauri kuwa idan aka ɗiga shi cikin garin sukari da ɗan lemon tsami yakan ba da ruwan hoda mai haske wanda ke bushewa a kan kek ba tare da firiji ba, abin da aisin na bota ba ya yi a zafin bazara, balle kirim ɗin madara da ke lalacewa idan aka ɗauke wuta. Amma a sama ake sa zoɓo, domin a cikin kwaɓi hodar tashi tana kashe tsaminsa, launin ya koma toka-toka. Kowane irin ado sai kek ya huce sarai, minti goma a gwangwani sannan awa ɗaya ko biyu a waje, shi ya sa gasa shi tun ana gobe taro ya fi, ya kuma fi yankuwa ba marmashi. Kyandir babba ne ke kunna shi ya kuma cire shi kafin yanka. Abin da ya rage yakan yi kwana biyu zuwa uku a rufaffiyar roba a inuwa, amma da hunturu sai an naɗe wurin yankan da leda, domin busasshiyar iska takan taurara shi kafin la'asar.